Jatau da Namijin Gwanda

"To ku gyara zama, mai gyangyaɗi ya wartsake. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Gwaggo."

Wani mutum ne ana ce da shi Jatau. Ba mugu ba ne, gaggawa ce ta yi masa yawa, irin masu sa hannu a tuwo tun yana tukunya. Yana zaune da tsohuwarsa, Inna Tabawa. Tsufa ya kwashe mata haƙora kaf, cikinta kuma ya daina karɓar abinci mai nauyi. Abin da ke shiga ya zauna lafiya sai koko da nunanniyar gwanda.

A bayan ɗaki, inda ruwan wanke-wanke yake kwarara, Jatau ya yi ɗan lambu. Ga alayyafo, ga kuɓewa, ga tattasai, ga kabewa tana yaɗo a jikin danga. Ga kuma gwanda uku. Biyu mata ne, suna 'ya'ya har suna rankwafawa. Na ukun namiji ne, dogo, ba ya komai sai fure mai ƙamshi, ya yi ya zubar.

Sai rani ya tsananta, rijiya ta ja baya. Sai Jatau ya tsaya ya dubi namijin gwandar nan, ya ce ci-ma-zaune ne, yana shan ruwan masu haihuwa a banza. In ya sare shi, matan su ƙoshi, Inna ta sami gwanda fiye da da. Tsohuwa ta ce ya bar shi. Bai ji ba. Da ya ɗaga gatari sai namijin gwanda ya ce, "Jatau, kafin ka sara, tambayi zuma."

Jatau ya ce, "Ni ba na shawara da ƙwaro."

Sai ya sare shi daidai ƙugu. Da ma ya yi shiru, da sauƙi. Ina! Sai da ya je dandali yana cika baki, wai shi ya gano ɓarawon ruwa, duk mai namijin gwanda a gida asara yake kiwo.

Ana nan, matan suka yi fure. Sai furen ya zube. Suka sake yi, ya ɗan ƙulla kamar ƙwan kaza, sai ya yi rawaya ya faɗo. Jatau ya zuba takin awaki, shiru. Ya barbaɗa toka, shiru. Ya hana alayyafo ruwa ya ba su, alayyafo ya mutu, gwanda ko ɗaya. Inna Tabawa kuwa tana ta ramewa, zani ma ba ya zama a ƙugunta.

Sai ya je ya durƙusa gaban matan gwanda, ya tambaye su laifin da ya yi musu. Suka ce su dai zuma ta daina kawo musu saƙo, ya je ya tambaye ta. Sai ya sami zuma a kan furen kabewa, ya yi mata sallama, wannan karon da ladabi.

Zuma ta ce, "Au, yau ana shawara da ƙwaro?"

Ya ce, "Ki yi haƙuri. Uwata ce ba ta da lafiya."

Ta ce, "Ni 'yar aike ce. Garin furen namijin nake kwasowa a ƙafafuna in kai wa matan, su ƙulla. Ka sare mai aiken, me zan kai? Nemo furen namiji, ko na aro ne."

Sai Jatau ya ɗauki ƙwarya ya nufi gidan Mati maƙeri. Mati ya ce ai tun ranar da ya ji maganarsa a dandali ya sare nasa. Sai ya wuce gidan Ɗanlami mai kiwon zabi. Ɗanlami ya nuna masa fili, ya ce nasa ma tuni awaki sun cinye ganyen. Sai ya je gidan Azumi mai ƙosai. Azumi ta fito da ludayi a hannu, ta ce da ma shi take nema, ya sa ta sare nata, yanzu gwandarta ta zama ta ado. Da ƙyar ya sha. Duk garin babu namijin gwanda ko ɗaya, bakinsa ya sare su duka.

Ya dawo da ƙwarya wayam, ya zauna a ƙofar ɗakin uwarsa ya fashe da kuka, ƙato da shi. Tsoro yake ji kada yunwa ta kashe ta, kuma da hannunsa.

Sai tsohuwa ta ce ya share hawaye, ya je ya ɗaga ganyen kabewa a kusurwar danga. Ya je ya ɗaga. Sai ga kututturen nan an kife masa fasasshen kasko a ka, don kada ruwa ya shiga ramin cikinsa ya ruɓe. Ga tofo biyu sun fito ta gefe, kore shar. Ashe tun ranar da aka sare shi take lallaɓawa da sandarta, tana zuba masa ragowar ruwan alwalarta.

Jatau ya kama ban ruwa safe da yamma. Gwanda kuwa ba ta san gaggawa ba, sai da ya koyi jira dole, tsohuwa tana ta maneji da koko. Sannu a hankali tofo ya girma ya yi fure. Zuma ta dawo aikinta, har gidan Azumi take kai saƙo. Matan suka ƙulla, 'ya'ya suka kama, suka nuna.

Ranar da ta fari ta nuna, ya yanka ya cire ƙwallayen, ya kai wa uwarsa da cokali. Tana sha yana kallo. Can ya ce, "Inna, yaya aka yi kika san yana da amfani, alhali bai taɓa yin ɗa ba?"

Ta lashe cokali ta ce, "Ubanka ma ban taɓa ganinsa da ciki ba, amma ga ka nan zaune."

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare. Ba kowane mai amfani ne ake ganin amfaninsa a jikinsa ba, don haka ku riƙa tambaya kafin ku ɗaga gatari. Ku tashi haka nan, kowa ya kaɗe tabarmarsa.