Yatsan Chinatsu da Ya Zame

Akwai wani dattijo a unguwarmu, nan Okayama ta ƙasar Japan, mai suna Kuramoto Shigeharu. Shekara talatin da takwas ya yi yana tuƙa jirgin ƙasa, kuma in ka zauna da shi minti biyar sai ka ji cewa bai taɓa makara ba. Mutumin kirki ne, amma in ya kafe a kan magana, sai dai ka haƙura.

Idon matarsa Fusae ya fara mutuwa. Likita bai ɓoye musu ba, ya ce da wuya ta kai baɗi tana gani. Abu ɗaya ta roƙa: a kai ta wurin wasannin nan na bakin teku, ta hau lilon da ke ɗaga mutum sama ya zagaya da shi kan lambun furanni. Tana so ta ga furannin da ruwan daga sama, ko sau ɗaya ne.

Ɗansu na wurin aiki, sai matar ɗan, Chinatsu, ta raka su. Tsakiyar hutun watan Mayu ne, wurin ya cika maƙil, babu masaka tsinke.

Suna shiga, Chinatsu ta ce, "Baba, bari in kama mana lokaci a waya. Mu zauna a inuwa, in ya yi sai mu shiga ta ƙaramar ƙofa."

Tsoho ya haɗe rai. "Mutane na tsaye tun safe, ni in ratsa su ina sunkuyar da kai? Wannan ai satar layi ce aka saka mata riga mai kyau. Ba a gidana ba."

Chinatsu ta rusuna. "To, Baba."

Ƙarfe ɗaya suka shiga layi. Allon ya nuna jiran awa uku. Jirginsu na komawa gida ƙarfe biyar ne, dole su bar wurin ƙarfe huɗu da kwata. Tsoho ya duba agogo ya ce lissafi ya fita daidai.

Sai iska ta taso, aka tsayar da lilon na rabin awa. Uku saura kwata, ko rabin layin ba su ci ba. Fusae ta gaji da tsayuwa, ta jingina da ƙarfen da ke gefe. Shigeharu ya sake duba agogo. Mutumin da ya tsufa a kan jadawali ya san lissafin ya rushe.

Fusae ta taɓa hannunsa. "Maigida, mu tafi gida kawai. Na ji ƙamshin furannin, ya ishe ni."

Wallahi maganar nan ta fi zagi ciwo.

Nan Chinatsu ta matso, kanta a ƙasa. "Baba, ka yafe mini, na yi wauta. Da safe ina riƙe da tikitocinmu, yatsana ya zame, ashe na kama mana lokaci, mu uku. Ƙarfe uku ne. In ba mu je ba, kujerun haka za su tashi babu kowa."

Tsoho ya ƙura mata ido. "Yatsan ya zame har sau uku?"

"Santsi ne da gilashin wayar, Baba."

Fusae ta fashe da dariya. "Kai ma dai! Jirgin da za mu hau ƙarfe biyar, wa ya kama mana kujeru tun wata guda da ya wuce? Ba kai ba? To layin wa ka sata?"

Nan take, a gaban jama'a, Shigeharu ya juya ya rusuna wa surukarsa sosai, irin rusunawar da bai taɓa yi wa ƙarami ba.

Ƙarfe uku na yi suka shiga ta ƙaramar ƙofa, minti goma bai cika ba suka tsinci kansu a sama. Fusae ta damƙe hannun mijinta tana cewa, "Ina gani! Ga shunayya can, ga ruwan, shuɗi ne!" Tsoho ya sauke ajiyar zuciya, ya cire agogonsa ya jefa a aljihu.

Sun samu jirgi da sauran lokaci, har suka sayi shinkafar ƙunshi a tasha. Da jirgin ya tashi, Fusae ta yi barci. Tsoho ya zaro wayarsa a hankali ya miƙa wa Chinatsu.

"'Yata, nuna mini inda yatsan nan yake zamewa."

Darasi: Kada girman kai ya sa ka ƙi sabon abu tun ba ka fahimce shi ba, domin wani lokaci wanda kake ƙauna ne zai ɗanɗana wahalar. In kuma kai ne ka fi babba sanin hanya, nuna masa ba tare da ka kunyata shi ba. Ku tura wa 'yan uwa, musamman gidan da ke da irin Baba Shigeharu.