Kwana Bakwai a Ɗakin Taro

Akwai wani manomi wanda mahaifiyarsa masaƙiya ce. Tun tana da ƙarfi ta saƙa wani babban zane na ratayawa a bango. Ita ta kaɗa zaren, ita ta rina shi da shunin baba, shekara biyu tana kansa. Mutanen gidan tarihi suka gani, suka roƙe ta, ta ba su. Ba ta ƙara sa shi a ido ba har ta tsufa, ƙafafunta suka daina kai ta nesa.

Ana nan sai aka yi shela cewa gidan tarihi na yawo gari gari da dardumai da gwaduna da zannuwan bango, duk saƙar hannu, za su yi kwana bakwai a ɗakin taron garinsu. Wata maƙwabciya ta je ta dawo, ta ce, "Iya, na ga naki! Shi ne a tsakiya."

Tsohuwa ta kira ɗanta ta ce, "Ɗana, ɗauke ni a babur ka kai ni in gan shi."

Ya ce, "Iya, gyaɗa na ƙasa, hadari kuma na haɗuwa. Gobe."

Kashegari ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na zuwa coci, ta zauna a bakin ƙofa. Ya wuce ta da fartanya, ya ce gobe. Haka rana ta uku, haka ta biyar. Daga nan ba ta ƙara tambaya ba.

Da ya gama cire gyaɗa, ya ɗauke ta suka tafi. Suka tarar da ɗakin a buɗe, ba kome sai ƙusoshi a bango. Mai gadi ya ce, "Ai tun jiya mota ta kwashe kayan."

Tsohuwa ta daɗe tana duban bangon. Sa'an nan ta ce, "Ba kome, ɗana. Mu koma gida."

Ba ta kai damina ta gaba ba. Gyaɗar kuwa ta yi albarka ƙwarai, amma mutumin bai taɓa jin daɗinta a bakinsa ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, zarafin da Allah yake ba mu na yin alheri baƙo ne, ba ya zama. Manomin nan ba mugu ba ne, yana ƙaunar uwarsa, gonar ma ba zunubi ba ce. Bai taɓa cewa a'a ba. Gobe kawai ya ce.

'Yan'uwa, wa yake zaune a bakin ƙofarku ya yi shiri yana jira? Wataƙila tsoho ne, ko mara lafiya, ko wanda kuka ɓata wa rai. Wataƙila Ubangiji ne da kansa. In an tashi daga nan, ku je wurinsa kafin ku je gona.