Abin da Ya Raba Nomau da Tudun Gawasa

A can zamanin da, an yi wani Sarki da ƙanensa ya taɓa yi masa tawaye. Tun daga ran nan zuciyarsa ta ƙi kwanciya, har ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya yafa alkyabbar sarauta ba tare da an naɗa shi ba, a bakin ransa.

To, a wani gari na ƙasar mai suna Tudun Gawasa akwai wani mutum, Nomau, gwanin tsara wasan kwaikwayo. Shi ke ƙaga labari, ya raba wa kowa abin da zai faɗa, ƙanensa Shekarau kuma ya fito a Hakimi. Al'adar garin kuwa, ranar kalankuwa, bikin gama girbi, Hakimi kan cire alkyabbarsa da hannunsa ya ara wa mai kwaikwayonsa, ya zauna ya sha ba'a, ba fushi ba ramuwa.

A shekarar nan Nomau ya saka labarin fadamar da Hakimi ya ƙwace wa wasu marayu. Mutane suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Hakimi ma ya yi tasa, amma ba ta kai ciki ba. Ba a yi mako biyu ba sai ga dogarai daga birni, wai Hakimi ya kai ƙara an sace masa alkyabba an yafa a bainar jama'a. Aka tasa ƙeyar Shekarau, aka ce ranar Asabar ta sama za a fille masa kai.

Nomau ya bi gida gida yana neman mai shaida. Wani ya ce ranar yana gona, alhali an gama girbi. Liman ma cewa ya yi, "Nomau, ka yi haƙuri, ina da iyali." Tsohuwarsu ta riƙe masa riga tana kuka, ta ce, "Kai ka sa masa magana a baki. Ka dawo mini da ɗana." Wannan ta fi komai yi masa ciwo, don gaskiya ce.

Ya kama hanyar birni a ƙasa, kwana huɗu, ya isa ran Alhamis ƙafafu duk sun farfashe. Dogarai suka hana shi shiga fada. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya faɗi gaban dokin Waziri, ya zayyana masa kome, ya ce, "Ranka ya daɗe, a kashe ni a bar shi. Ni na tsara, shi baki kawai ya ara mini."

Waziri ya ce, "Shaidunka nawa?"

"Mutum ɗari uku suka gani, amma ban samu ko ɗaya ba."

"Saura mutum guda da ya gani, Hakiminku, yana nan birni ya zo kallon kisa. Ba zai yi maka shaida don tausayi ba. Mene ne ba ya iya haɗiyewa?"

Nomau ya ce, "Raini."

Waziri ya ce, "Gobe bayan Juma'a Sarki zai so abin ɗebe kewa. Sauran aikinka ne."

Kashegari fada ta cika, hakimai sun jeru, har da na Tudun Gawasa. Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce zai nuna kalankuwar garinsu yadda ake yin ta tun kaka da kakanni. Sai ya fito a Hakimi, ya yafa wani buzun akuya mai wari, ya naɗa igiyar rama a ka, yana taƙama. Fada ta kece da dariya.

Sarki ya ce, "Kai kuwa, haka kuke fito da Hakiminku?"

Nomau ya ce, "Zaki, yaya za mu yi? Gidansu gidan rowa ne. Ko tsohuwar hula ba su taɓa ara wa 'yan wasa ba."

Sauran hakimai suka shiga satar kallon Hakimin Tudun Gawasa suna ƙunshe dariya. Shi kuwa ya kumbura, ya cika fam, ya yi zumbur ya ce, "Ƙarya yake yi, Allah ya ba ka nasara! Kakana ya ara, ubana ya ara, ni ma bana da hannuna na cire alkyabbar na yafa wa..."

Sai ya farga da abin da ya faɗa. Fada ta yi tsit.

Waziri ya ce a hankali, "Ka yafa wa wa?"

Nan take Sarki ya sa aka tuɓe wa Hakimin rawani, ya ce a mayar wa marayu fadamarsu, a kwance Shekarau daga mari. Da aka fito da shi, Nomau ya rungume shi yana kuka kamar ƙaramin yaro. Sarki ya ba su doki su koma gida.

Nomau ya ce, "Zaki, a ba Shekarau dokin, tsohuwarmu na jiransa. Ni a bar ni a nan. Ba zan iya sake tsayawa gaban mutanen can in ba su dariya ba."

Haka ya zauna a birni, sunansa ya kai ko'ina. Sau uku dattawan Tudun Gawasa suna zuwa roƙonsa ya koma. Kowane zuwa yakan ba su masauki da tuwo, ya raka su har ƙofar birni, daga nan ya juyo.