Batirin Da Aka Ɓoye Cikin Hatsin Zakka

Ya 'yan uwa, ku ba ni aron hankalinku.

An yi wani mutum a wani ƙauye can wajen Tsanyawa. Ba zan kama sunansa ba, don yana nan da ransa, kuma abin da ya same shi ya ishe shi. Manomi ne, shi ne kuma ladanin garin. A jikin masallacinsu akwai wani ɗaki mai ƙofar ƙarfe. Nan ake tara zakkar hatsi bayan girbi, a raba wa tsofaffi da matan da mazansu suka rasu. Nan kuma kayan solar masallaci suke. Makullin yana hannun ladan, don kowa ya yarda da shi.

Liman, Malam Abdulkabir, ya kafa doka: wutar nan ta lasifika ce da fitila, ba a cajin komai da ita. Wa ke tsare dokar? Shi ladan. Ko waya ka kawo, da tsawa zai kore ka.

To, yana da wani tsohon keke da ya gada wurin mahaifinsa. Gwiwa ta fara ciwo, gonarsa kuwa da nisa. Sai ya ji labarin ana ɗaura wa keke inji da batir, ya riƙa tafiya da kansa. Wannan ba laifi ba ne. Ran kasuwa ya tura kekensa har rumfar wani mai gyara, Naziru.

Naziru ya ɗauko masa iri biyu, ya ce, "Baba, ga ƙarami, batirinsa sabo ne, zai kai ka gona ya dawo da kai. Ga babba, gudunsa kamar babur, amma batirin na hannu ne, dubi har ya ɗan kumbura. Zafi yake yi in ana caji. Ni dai ƙaramin nake ba ka shawara."

Ladan kuwa ba gona yake hange ba a lokacin. Majalisar ƙofar gidan mai unguwa yake hange, da yadda za a waiwayo a bi shi da kallo. Ya ce, "Ni yaro ne da za ka ba ni abin wasa? Ɗaura min babban."

An kalle shi kuwa, har ya gode wa kansa. Amma da ya kai batirin shagon cajin waya, mai shagon ya taɓa shi sau ɗaya ya ce, "Ladan, ka yi haƙuri, wannan zai ƙona min shago."

Ina zai nufa? Ga makulli a aljihu, ga wuta tana zaune a ɗaki. Shaiɗan ya ce masa, "Kai da kake wa masallaci hidima ko sisi ba a biyanka? Yau kaɗai." Yau kaɗai ta zama kullum. Matarsa Ummu Salma ta taɓa tambayarsa inda yake cajin abin, ya ce mata ina ruwanta.

Kaka ta yi, ɗaki ya cika da gero da dawa har bakin ƙofa. Liman ya yi shela za a yi rabo ran Juma'a. Wata tsohuwa, Inna Sadiya, wadda ba ta da kowa sai Allah, ta tare ladan a hanya tana dariya. Ta ce, "Ladan, a tuna da ni fa. Rumbuna ko ɓera ya daina leƙawa."

Ya ce, "Inna, ke ce ta farko."

Ran Alhamis da hantsi ya jona batirin, ya cusa shi tsakanin buhuna, ya lulluɓe da tsohon buhu don ko liman ya leƙo ta taga kada ya gani. Ya datse ƙofa da kwaɗo, ya taka kekensa da ƙafa ya tafi gona ɗaurin harawa.

Kafin azahar ya ɗaga kai, sai ya hango hayaƙi baƙi ƙirin ya miƙe daga tsakiyar gari. Ba wanda ya gaya masa ko ina ne. Ya sani.

Innalillahi! Ya haye keke. Kun san keken da aka ɗora wa inji babu batir? Nauyi ne kawai. Yashi ya riƙe taya, gwiwa ta ƙi. Ya yar da keken, ya kama gudu, yana faɗuwa yana tashi, hannunsa dafe da aljihu. Can kuwa mutane sun taru da bokitai da tuluna, suna ta dukan ƙofa da gatari, suna kiran sunansa. Ƙofar nan shi ya dage a sa mai ƙarfi saboda ɓarayi.

Da ya iso, rufi ya riga ya rufta. Warin ƙonannen gero ya cika gari. Ya tsaya da makulli a hannu, ba abin da zai iya. Mutane suna ta ba shi haƙuri, suna cewa wayar wuta ce ta haɗu. Inna Sadiya ta riƙo hannun rigarsa ta ce, "Sannu ladan, Allah ya so ba ka ciki." Wallahi da ta mare shi da ya fi masa sauƙi.

Da wuta ta lafa aka tona toka, aka jawo gawar batirin, da wayar cajinsa a jone. Duk garin an san mai shi. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ɗaga masa hannu.

Washegari Juma'a, tsofaffin nan suka zo suka zauna a gindin bango da ƙorensu wayam, don ba su da wani wurin zuwa. Ladan ya ratsa ta gabansu, kansa a ƙasa, ya miƙa wa liman makulli.

Malam Abdulkabir ya dube shi ya ce, "Riƙe abinka. Me ya rage da za a buɗe?"

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai saci ƙwayar gero ko ɗaya ba. Son a gani ne ya zaɓa masa babban inji, babban inji ya kai shi ga cin amana, cin amana ta nemi a lulluɓe ta da buhu. Yanzu a wurin wa zai fara neman yafiya? Da me zai cika ƙoren nan? Kai da aka ba ka makullin wani abu, na masallaci ne, na maraya ne, na shago ne, me kake jonawa idan ka rufe ƙofa?

Allah ya kiyaye mu da cin amana da son a gani. Allah ya ciyar da waɗanda ba su da kowa, shi kuma Allah ya karɓi tubarsa. Amin.