Ƙyauren Ɗanyen Maɗaci

An ce wani sarki aka yi a wata ƙasa, mai kirki, mai kyauta, ba shi da aibi sai guda: in ya so abu da hantsi, to kada azahar ta yi bai gan shi ba. Duk duniya kuwa ba wanda yake ƙauna kamar mahaifiyarsa, tsohuwa ce tukuf, ƙarfi ya ƙare mata.

Wata rana ya shiga gaishe ta, ya tarar gara ta cinye ƙyauren ɗakinta. Kunya ta kama shi. Ya sa waziri ya nemo mai gyara, waziri ya zo da wani dattijo ana ce masa Mantau, mai bin gida-gida da gizago da zarto. Yau ya sauya azara, gobe ya ɗaure ƙafar gado, jibi ka gan shi bisa soro yana gyaran indararo, da haka yake ci da iyalinsa.

Sarki ya sa aka sare wani maɗaci a bayan fada, ya ce, "Ga itace. Ina son sabon ƙyaure kafin Sallah."

Mantau ya shafa itacen, ya sansana, ya ce, "Ya sarki, Allah ya ba ka nasara, wannan da ruwansa a jika. A bar shi ya sha iska har ya bushe, ni kuwa in yi wa tsohon ƙyauren faci ya riƙe."

Sarki ya ce, "Uwar sarki da faci? Kai Mantau, sarki ke jiran itace, ko itace ke jiran sarki?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, itace bai san sarauta ba."

Sarki ya ɗaure fuska, dogarai suka gyara tsayuwa. Mantau ya tuna da bakunan da ke jiransa a gida, sai ya haɗiye sauran maganarsa, ya ɗauki gizago. Ya sassaƙa ƙyaure na gani na faɗa, aka kafa, kowa ya yaba.

Sallah ta wuce, bazara ta shigo, itace ya yi ta bushewa yana murɗewa a hankali. Ran nan da rana tsaka tsohuwa ta tura ƙyaure don ta ɗan kishingiɗa, ƙyaure ya cije. Ta ja har ta gaji, bayi suka tura daga waje, ko motsi. Sai da aka sa gatari. Aka tarar da ita a ƙasa, zafi ya sumar da ita, da ƙyar ta farfaɗo.

Sarki ya fusata, ya ce a ƙwace kayan aikin Mantau, a fitar da shi daga gari. Tsoho ba gizago, a baƙuwar ƙasa, ai yunwa ce kawai aka aika shi gare ta. Da aka gurfanar da shi, sarki ya ce, "Wa ya kulle mahaifiyata?"

Ya ce, "Ya sarki, mu uku ne. Na farko ba shi da baki, gatari ma ya riga ya yi masa hukunci. Na biyu ga shi durƙushe gabanka."

"Na ukun fa?"

"Bakina bai isa ya kira sunansa ba. Amma kada a sauke laifina a ɗora masa. Na san itacen ɗanye ne, na kuma san tsohuwa ce za ta zauna bayansa. Na faɗa sau ɗaya, ka ɗaure fuska, na yi shiru. Na ji tsoronka fiye da yadda na ji tausayinta. Wannan laifin nawa ne."

Sarki ya sunkuyar da kai. Ya zaci magiya zai ji, sai ya ji abin da ya ƙona masa zuciya: tsoronsa ne ya kusa kashe wadda ta haife shi. Idonsa ya ciko da ƙwalla, ya ce, "Waziri, mayar masa da kayansa, na ukun yana zaune bisa karaga. Baba Mantau, yanzu me za a sa wa ɗakin?"

Ya ce, "Asabari, ranka ya daɗe, har itace ya bushe."

Sarkin da ya raina faci, shi da hannunsa ya rataya wa uwarsa asabari. Tun daga ranar in talaka ya yi masa magana ya ga zai yi shiru, sai ya saki fuska ya ce, "Ƙarasa." Ya kan gaya wa 'ya'yansa, "Adalci ba ya zama a fadar da ake tsoron maimaita gaskiya."