Uban da Ke Kan Allo

"Mama, me ya sa wancan mutumin yake jifan hoto da dutse?"

Zakiyya ce ta tambaye ni, 'yata mai shekara shida, muna cikin keke a Laranto. Mai keken ya ce, "Rabu da shi, yarinya, hotonsa ne." Ban ba ta amsa a lokacin ba. Amma ku iyaye, ya kamata ku ji.

An yi wani mutum a garin nan, shahararren ɗan ƙwallo. Yara suna yin aski irin nasa, har tafiyarsa suke kwaikwaya. Wata rana masu haɗa wani ruwan kwalba, wai na ƙarin kuzari, suka zo masa. Aikin ba wuya: ya riƙe kwalba, ya kurɓa, ya yi murmushi, ya ce, "Shi nake sha, shi ya sa ba na gajiya."

Ranar ɗaukar hoto ya buɗe kwalbar ya shinshina. Ya gane irin abin da likitan ƙungiyarsu ya hana su ne. Sai ya tuttular da shi a kwata, ya sa aka cika kwalbar da zoɓo. Zoɓo ya sha a gaban kyamara.

Ya 'yan uwa, in wannan ba shaidar zur ba ce, mece ce?

Aka kafa ƙaton allon talla mai hotonsa a bakin titi. A gida kuwa ya ja kunnen ɗansa Abdulmalik: "Kada in ga abin nan a hannunka." Bai faɗi dalili ba. Da wane baki zai faɗa?

Yaro ya wayi gari da uba biyu. Na gida ya yi magana sau ɗaya, ya wuce harkarsa. Na allo kuwa kullum yana tsaye a hanyar makaranta, ba ya ƙiftawa, yana miƙo kwalba. Abdulmalik ba shi da burin da ya wuce ya zama kamar babansa. Da kuɗin tara da ake ba shi na makaranta yake sayen ruwan kwalbar, ya shanye kafin atisaye a filin Naraguta.

Bayan wata bakwai, ƙafafunsa suka kumbura. Likita ya ce ƙoda ce. Uwarsa ta ɗaga katifarsa, ta tarar da kwalabe a jere, kowace da fuskar mijinta tana mata murmushi.

A gadon asibiti uban ya ce, "Ban hana ka ba?"

Yaron ya ce, "Ka hana, Baba. Amma na ga ka sha."

Ranar jana'iza, ta ƙarƙashin allon aka wuce da makara. Yana sama yana murmushi.

Uban ya je ya roƙi masu kayan su sauke hoton. Suka nuna masa takardar da ya sa wa hannu: fuskar tasu ce yanzu. Sai ya hau da kansa ya yage hoton. Ƙarƙashinsa wani ne irinsa, domin duk bayan damina suna manna sabo a kan tsoho. Ya yage wannan, ga wani. Yana ta yagewa har ya faɗo ya karya ƙugu.

Yau ya rame, ya yi furfura, yana jan ƙafa. Yakan tare mutane ya ce, "Zoɓo ne, wallahi zoɓo na sha." Ba mai gane shi. Sai su ɗaga kai su dubi na sama, wanda bai tsufa ba, su wuce.

Da muka zo daidai allon, Zakiyya ta ɗaga kai ta dubi hoton, ta matso jikina ta ce, "Mama, yana kallona."

Duk wanda aka yarda da maganarsa, amana ce a wuyansa. In ya sayar da ita, bai san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye abin da muka haifa.

Ke uwa, kwalaben suna nan a shaguna har yau. Buɗe jakar makarantar ɗanki, ɗaga katifarsa. In kin hana shi abu, gaya masa dalili, gobe ki sake gaya masa. Na allo ba ya fashi.