Igiyar Mahaƙa Rijiya

Shehinmu, Allah Ya ƙara masa yarda, kogin ilmi ne, arifi, mai zuhudu da tsantseni, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ko a kan kaza ba. Wannan karamar tasa da idona na gan ta, a zamanin da matsafan duwatsu suka ɗaure hadari a cikin tuluna, ƙasa ta ƙeƙashe, har rijiya ta fi gidan sarauta daraja.

Akwai wasu mahaƙa rijiya, wa da ƙane, ciki ɗaya. Wan ke shiga rami, ƙanen, wanda ake kira Dogo, ke riƙe igiya, kuma a sana'arsu ba ka ba kowa igiyarka sai wanda ka amince masa da ranka. Wata rana wani matsafi ya tare wan, ya ce ya duba cikin toka ya ga ranar da Dogo zai sake shi. Wayyo, tsoro ba ya barin mutum da hankalinsa! Bawan Allahn nan ya yarda aka yi wa hannayen ƙanensa asiri, yatsun suka ƙanƙame kamar busasshen reshe, ko loma Dogo ba ya iya kaiwa baki. Wallahi tausayin su biyun nake ji har yau.

Wan ya ɗauki 'yan ƙodago su riƙe masa igiya. Ranar da yake yashe rijiyar makarantarmu, sai wani baƙin hayaƙi ya taso daga ƙasa yana gurnani, domin matsafi ba ya aikin banza, ran wanda ya yi wa aiki ya aiko a karɓa. 'Yan ƙodago suka ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Dogo kaɗai ya faɗa kan igiyar, ya datse ta da haƙora, tana jan sa zuwa bakin ramin, jini na bin haɓarsa.

Shehi ya fito a natse da butarsa, ya karanta abin da ya karanta, ya zuba ruwan alwalarsa a kan hannayen Dogo, ya ce, "Gaibu na Allah ne, ɗana. Riƙe ɗan'uwanka."

Muna kallo yatsun suka miƙe, hayaƙin ya dushe ya koma inda ya fito, Dogo ya jawo wansa har sarari. Wan ya zube yana kuka, ya kasa haɗa ido da shi.

"Dogo, ni na sa aka yi maka."

"Na sani, Yaya. Tun ranar na sani."

"To, don me ka riƙe?"

"Haba Yaya, igiyarka ce fa. Wa zan bar wa?"

Tsarki ya tabbata ga Mai girmama bayinSa salihai. Ya Allah, Ka haskaka makwancin Shehinmu, Ka yayyafa mana albarkarsa, kada Ka bar shaiɗan ya shiga tsakaninmu da 'yan'uwanmu. Amin.